Yadda Ake Tafiyar Keke Cikin Ayari a Hanyoyin Karkara

Wanda ya saba hawan keke shi kaɗai yakan ɗauka cewa shiga ayarin wata ƙungiya magana ce ta ƙarfin ƙafa, kuma abin da yakan hana shi zuwa shi ne tsoron kada a tsere masa a bar shi a baya. A gaskiya ƙarfi yana cikin abubuwa na ƙarshe da tsofaffin 'yan ƙungiya suke dubawa a jikin sabon zuwa. Abin da suke son gani shi ne mutumin da za a iya bin bayansa kusa da kusa ba tare da fargaba ba, wanda ba ya kama birki kwatsam, ba ya karkacewa ba tare da sanarwa ba, kuma na bayansa suna iya sanin abin da zai yi tun kafin ya yi shi. Duk sauran ƙa'idojin tafiyar ayari daga wannan tushen suka tsiro, kuma mai matsakaicin ƙarfi yana iya ƙwarewa a kansu cikin 'yan makonni.

Fita yawon keke a ƙungiyance ba sabon abu ba ne. An kafa ƙungiyar masu yawon keke a garin Harrogate na Ingila tun a shekarar 1878, zamanin da ake hawan kekunan nan masu ƙatuwar taya a gaba. Bayan John Kemp Starley ya fito da keke mai sarƙa irin wanda muka sani a 1885, kuma John Boyd Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska a 1888, sai hawan keke ya zama abin da kowa zai iya, ƙungiyoyi kuma suka yawaita. Yawancin ɗabi'un da za a bayyana a nan an gaje su ne daga mahayan da suka koyi darasinsu ta hanyar faɗuwa.

Zaɓen rukunin da ya dace da kai

Kafin ka je, ka tuntuɓi wanda yake shirya tafiyar, ka tambaye shi nisan zangon, da matsakaicin gudun da ake yi, da irin hanyar da za a bi, da kuma ko ana jiran wanda ya gaza. Ƙungiyoyi da yawa suna raba mahayansu rukuni-rukuni, inda na masu farawa yakan yi gudun kilomita 18 zuwa 20 a cikin awa ɗaya, na ƙwararru kuma yakan haura 28. Ka lura cewa matsakaicin gudu ya haɗa da hawan tudu da rage gudu a mahaɗar hanya, saboda haka ayarin da aka ce yana yin 24 zai shafe tsawon lokaci yana yin 28 ko 30 a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Shawarata ita ce ka fara da rukunin da yake ƙasa da ƙarfinka, domin a ranar farko hankalinka yana buƙatar sarari don koyon tsarin tafiya, kuma wanda yake haki ba ya lura da alamar hannu. Idan nisan da za a yi ya ninka mafi tsawon tafiyar da ka taɓa yi, ka dakata ka ƙara atisaye na wasu makonni tukuna.

Tambayar ko ana jiran wanda ya gaza tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wasu ayarin na atisayen tsere ne, kowa ya san cewa idan ya faɗo baya zai koma gida shi kaɗai, kuma ba laifi ba ne tunda an faɗa tun farko. Wasu kuma suna da madugu a gaba da wani gogagge da yake rufe baya, ba a wuce na gaban, ba a kuma barin kowa bayan na ƙarshen. Irin wannan na biyun ne ya kamata sabon shiga ya nema.

Keke da kayan tafiya

Ba sai kana da keke mai tsada ba, amma dole ya kasance lafiyayye, domin matsalar kekenka za ta tsayar da mutum goma ko ashirin a bakin hanya. A daren jajiberin tafiya, ba da safiyar ranar ba, ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana tafiya daidai, ka duba fatarta ko akwai tsaga ko ƙaya ko ɗan gilashin da ya maƙale, sannan ka hura mata iska gwargwadon adadin da aka rubuta a gefenta. Ka matse birkin gaba ka tura keken, ka matse na baya ka yi haka, ka tabbata kowanne yana kamawa tun kafin hannun birkin ya taɓa kan keken. Ka goge sarƙa ka ɗiga mata mai kaɗan, ka share rarar, domin man da ya yi yawa ƙura yake tarawa. Ka gwada duk giyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Tsayin sirdi yana da alaƙa kai tsaye da ciwon gwiwa a doguwar tafiya. Hanya mai sauƙi ta auna shi ita ce ka zauna a kan sirdi ka ɗora diddigenka a kan feda lokacin da take can ƙasa. Idan ƙafarka ta miƙe sosai a haka, to idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda gwiwar za ta ɗan lanƙwashe, kuma haka ake so.

Abin da za ka ɗauka bai da yawa: hular kwano da ta zauna daidai a kanka, tana rufe goshi, igiyarta kuma a ɗaure, tub na ajiya guda ɗaya ko biyu daidai da girman tayarka, da ƙaramin famfo, da abin ɓanɓare taya, da kayan faci, ruwan sha, ɗan abin ci, waya da caji, kuɗi kaɗan, da takarda mai ɗauke da sunanka da lambar wanda za a kira idan wani abu ya faru. Safar hannu tana kare tafin hannu idan an faɗi, tabarau kuma yana kare ido daga ƙwari da tsakuwar da tayar na gaba take watsowa. Fitilar gaba da ta baya suna da amfani ko da rana tsaka. Abin da ba shi da wuri a cikin ayari shi ne abin sauraron kiɗa a kunne, domin rabin tsaron tafiyar da kunne ake yin sa. Ka koyi canza tub a gida kafin ka fita, ko da za a taimake ka a hanya.

Ka isa wurin haɗuwa da minti goma ko sha biyar kafin lokaci, ka gaisa da madugu, ka gaya masa cewa yau ce ranarka ta farko. Wannan magana ɗaya takan sa a haɗa ka da wanda zai riƙa yi maka bayani a hanya.

Tafiya a bayan taya

Dalilin da ya sa mahaya suke matsowa kusa da juna shi ne iska. Da zarar gudu ya haura kimanin kilomita 20 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfin da mahayi yake kashewa yana tafiya ne wajen keta iska, kuma wanda ya fake a bayan wani yana iya rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A cikin babban ayari ragin ya fi haka nesa ba kusa ba, domin wani bincike da aka yi a Jami'ar Fasaha ta Eindhoven da ke ƙasar Holan a 2018, a kan ayarin mahaya 121, ya nuna cewa waɗanda suke can ciki wajen baya suna fuskantar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kacal na turjiyar iskar da mai tafiya shi kaɗai yake fuskanta. Shi ya sa za ka ga kana yin nisan da ba ka taɓa yi ba, kuma ka dawo da sauran ƙarfi.

Amma wannan amfanin yana zuwa da haɗarinsa. A farkon koyo ka bar tazarar tsawon keke ɗaya tsakaninka da na gabanka, sannan ka riƙa ragewa sannu a hankali zuwa kamar rabin mita yayin da kake sabawa. Kada ka kafa ido a kan tayarsa ta baya. Ka riƙa kallon bayansa da kafaɗarsa da abin da yake gaban ayarin, domin ta haka za ka hango dalilin rage gudu tun kafin ya iso gare ka, ita kuwa tazarar idonka zai riƙa auna ta da kansa.

Babbar ƙa'ida, wadda na fi son mai karatu ya riƙe ko da zai manta da sauran, ita ce kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka. Idan ta shiga kuma ya ɗan karkace don kauce wa rami, tayarsa za ta share taka, kuma wanda aka taɓa tayarsa ta gaba shi ne yake faɗuwa, na gaban ma wani lokaci ba zai san an yi ba. Na bayanka kuma za su zubo a kanka. Idan ka ga kana cim masa, ka daina juya feda na ɗan lokaci, ko ka ɗaga ƙirjinka iska ta riƙe ka, ko ka ɗan shafa birki a hankali. Kama birki da ƙarfi a tsakiyar ayari yana tafiya baya kamar igiyar ruwa, yana ƙaruwa daga mutum zuwa mutum, har na ƙarshe ya rasa inda zai sa kansa. Saboda wannan dalilin ne ma can ƙarshen ayari ba shi ne wuri mafi sauƙi ba kamar yadda ake zato, domin a can ne ake yawan tsayawa da sake tashi bayan kowace kwana. Duk da haka ya fi dacewa sabon shiga ya fara daga wajen baya, inda kuskurensa ba zai shafi mutane da yawa ba.

Akwai wani abu ƙarami da ake yawan mantawa. Lokacin da mahayi ya miƙe tsaye a kan feda, musamman a hawan tudu, kekensa yakan ja baya kaɗan na ɗan ƙiftawar ido, kuma wannan ya isa ya taɓa tayar na bayansa. Maganinsa shi ne ka miƙe daidai lokacin da kake danna feda da ƙarfi, ka kuma sanar da baki idan an matso kusa da kai.

Yawancin ayari suna tafiya bibbiyu a jere inda hanya da doka suka yarda, su koma layi ɗaya inda hanya ta ƙuntata. Dokar ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma wajibi ne ƙungiya ta san tata. A Birtaniya, alal misali, ƙa'idojin hanya da aka sabunta a 2022 sun amince da tafiya bibbiyu, sun kuma umarci direba ya bar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke a gudun da bai haura mil 30 a awa ba. Idan kuna bibbiyu, ka daidaita kan kekenka da na abokin tafiyarka. Mutumin da yake riƙa ɗan gota abokinsa da rabin taya yana tilasta masa ƙara gudu, shi kuma ya sake gotawa, har ayarin ya tarwatse ba tare da wani ya yi niyya ba.

Mahaya sukan yi karɓa-karɓa wajen jan ayari a gaba. Idan layi ya zo kanka ka shiga gaba, ka riƙe gudun da ka tarar. Sabon shiga yakan ji iska ta buge shi sai ya ƙara ƙarfi don kada a ce ya gaza, alhali abin da ake so shi ne a ci gaba da tafiya kamar ba a canza kowa ba. Ka yi minti ɗaya ko biyu, ka duba gefe, ka ba da alama da gwiwar hannu, ka kauce ka gangaro baya a hankali. Idan ba ka da ƙarfin ja, ka faɗa, ba wanda zai ga laifinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Baki da hannu

Wanda yake tsakiyar ayari ba ya ganin kwalta, bayan mutum kawai yake gani, saboda haka na gaba su ne idanun kowa. Idan akwai rami ko dutse ko yashi, na gaba yana nuna shi da yatsa a ɓangaren da yake, ya kuma faɗa da baki, kowa kuma ya miƙa saƙon baya har ya kai ga na ƙarshe. Tafin hannu da aka miƙa ƙasa ana ɗagawa ana saukewa yana nufin a rage gudu, hannu a sama yana nufin za a tsaya, hannu da aka kai bayan ƙugu ana nuni da shi gefe yana nufin a matsa saboda akwai abu a bakin hanya, kamar motar da aka ajiye ko mai tafiya a ƙasa. Saƙon mota mai zuwa daga baya kuma daga na ƙarshe yake tasowa ya tafi gaba. Kalmomin da ake amfani da su sun bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, sai ka saurara ka koyi nasu. Idan sakin hannu ɗaya yana sa ka tangaɗi, ka riƙe kan kekenka da hannu biyu ka yi amfani da murya.

A mahaɗar hanya kuwa kada ka dogara da idon wani. Ko da na gaba ya ce babu mota, abin da ya gani daƙiƙa biyar da suka wuce ne, sai ka duba da kanka.

Abin da karkara take da shi

Hanyar karkara tana da ƙarancin motoci, kuma wannan ne yake sa mutum ya saki jiki fiye da kima. Motocin da ake samu a can sukan zo da gudu, kwanoni da yawa shuke-shuke sun rufe su, kuma bayan kwana ana iya cin karo da tarakta, ko garken dabbobi, ko laka da tayoyin motocin gona suka kwaso suka zubar a kan kwalta. Ka ɗauka cewa bayan kowace kwanar da ba ka ganin ƙarshenta akwai wani abu, ka tsaya a hannunka, ka kuma rage gudu tun kafin ka shiga kwanar, domin birki a tsakiyar kwana a kan yashi ko tsakuwa shi ne yake zamar da taya.

Dabbobi suna buƙatar haƙuri. Keke ba ya ƙara, saboda haka doki ko saniya ba sa jin zuwansa sai ya iso, kuma firgitarsu haɗari ce ga kowa. Ayari ya rage gudu sosai, na gaba ya yi magana da murya mai taushi don dabbar da mai kula da ita su san da mutane, a wuce da tazara mai faɗi, ko a tsaya cak idan garke yana tsallaka hanya. Kare mai bin keke yakan daina idan an wuce iyakar gidansu. Abin da ya fi haɗari shi ne mahayi ya kai masa shuri ya rasa daidaitonsa a cikin mutane. Kuma a tuna cewa wannan hanyar da muke yawo a kanta wurin aikin wasu ne da ƙofar gidajensu. A gaida mutane, kada a shiga gona, kada a yar da ledar abinci ko tsohon tub, idan kuma motoci sun taru a baya a ƙuntatacciyar hanya a nemi wuri mai faɗi a ba su hanya.

A hawan tudu ayari yakan watse, kuma ba komai. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ƙafarka ta yi nauyi, ka riƙa juya feda da sauri-sauri maimakon dannawa da ƙarfi, ka hau da naka gudun, domin al'ada ita ce a jira juna a saman tudu a wurin da ba a tare hanya ba. Waɗanda suka riga isa su ba na ƙarshe lokacin shan ruwa da mayar da numfashi, kada su tashi da zarar ya iso, tunda shi ne ya fi kowa buƙatar hutun. A gangara kuma a buɗe tazara sosai, a riƙe birki biyu tare, a tuna cewa birkin gaba ne ya fi ƙarfin tsayarwa kuma fizgarsa kwatsam yana iya wurgo mutum ta saman keke.

Game da ci da sha, jiki yana da ajiyar sukari da takan ƙare bayan kimanin awa ɗaya da rabi na aiki mai tsanani, kuma idan ta ƙare ƙafa takan mutu, kai ya yi jiri, hankali ya ragu, wanda a cikin ayari haɗari ne. Ka fara cin ɗan abu mai sitaci ko zaƙi, kamar ayaba, tun a awa ta farko, ka riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, kamar rabin lita a awa, fiye da haka idan ana zafi. Ƙauyuka suna iya yin nisa da juna, sabis ɗin waya ma yana iya ɗaukewa, saboda haka ka san hanyar da za a bi tun daga gida.

Idan an sami matsala

Idan tayarka ta yi faci, ka ɗaga murya ka faɗa, ka ci gaba a miƙe kana rage gudu a hankali har na bayanka su wuce, sannan ka sauka daga kan kwalta gaba ɗaya. Kafin ka sa sabon tub, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka nemo ƙayar da ta huda ta, in ba haka ba za ta huda sabon ma. Idan wani ya faɗi, abu na farko shi ne mutum biyu su tsaya gaba da baya su gargaɗi motoci. Kada a ɗaga wanda yake kukan wuya ko baya, kada a cire masa hular kwano, a kira agajin gaggawa. Wanda kansa ya bugu har ya rikice ko ya manta abin da ya faru kada a bar shi ya sake hawa, ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma hular da ta bugu da ƙasa a canza ta ko da ba a ga tsaga a jikinta ba.

Idan ka ji kana gazawa, ka faɗa da wuri tun tazarar ba ta buɗe ba, domin rage gudu kaɗan ya fi wa ayari sauƙi a kan tsayawa a nemo ka. Idan kuma za ka rabu da su ka koma gida kafin a gama, ka gaya wa madugu ko mai rufe baya da bakinka, ka ga ya ji, domin a zango na gaba za a ƙirga mutane, kuma idan ba a cika ba wani zai juya ya koma neman ka.